Makarantar Kwana da Ta Yi Suna a Wasanni: Ina Matsayin Karatunta?

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Da yake lokacin neman gurbin aji ɗaya na sakandare ya ƙarato, ina so mu dubi wata magana da ke yawan tasowa tsakanin iyaye. Akwai makarantun kwana da suka yi suna a ƙwallon ƙafa ko guje-guje, har ta kai da zarar an ambace su, kofi ne ke fara faɗo wa mutum a rai. Wasu iyayen suna ganin makarantar da ke cin kofi kowace shekara lallai tana da tsari da ladabtarwa, don haka karatunta ma ba zai yi rauni ba. Wasu kuma gudun irin waɗannan makarantu suke yi, suna cewa duk inda tamaula ta yi ƙarfi, littafi ne ke shan kashi. Ni malamin lissafi ne, ina kuma tare da na biyun, hujjata kuwa ita ce lokaci. Yaron da ya fita atisaye bayan asuba, ya sake komawa fili bayan la'asar, idan aka kaɗa ƙararrawar karatun dare ba abin da yake iyawa sai kifa kai a kan tebur. Ina son jin hujjar masu ɗaya ra'ayin.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam, Malam. Zan kawo maka makaranta guda ɗaya, ka gwada hujjarka a kanta. A garin Iten na ƙasar Kenya, wanda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, akwai makarantar kwana ta maza mai suna St. Patrick's, wadda 'yan mishan daga Ireland suka kafa a 1961. Da wuya a sami wata sakandare a duniya da ta kai ta suna a tseren matsakaici da dogon zango. Peter Rono, wanda ya ci zinare a tseren mita 1,500 a gasar Olympics ta 1988, ɗalibinta ne. Haka Matthew Birir da ya ci zinare a Barcelona a 1992, da Wilson Kipketer da ya kafa tarihin duniya a mita 800 yana wakiltar Denmark, da Ibrahim Hussein, ɗan Afirka na farko da ya lashe gudun fanfalaƙi na Boston a 1988.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne inda waɗannan mutane suka nufa bayan sun gama sakandare. Ibrahim Hussein ya yi karatu a Jami'ar New Mexico. Peter Rono yana ɗalibin jami'a a Amurka ya ci zinarensa. Mike Boit, wanda ya riga su duka, ya ci tagulla a mita 800 a 1972, daga baya ya yi digirin digirgir, ya dawo gida yana koyarwa a Jami'ar Kenyatta. Shi kansa mutumin da ake jingina wa nasarar makarantar, Brother Colm O'Connell, ba koci ba ne da ya zo a 1976, malamin labarin ƙasa ne, a wurin ya koyi horar da 'yan tsere, daga baya har ya zama shugaban makarantar. Wato mutumin da ke riƙe da agogon auna gudu da yamma shi ne ke riƙe da alli da safe, kuma ya san makin kowane yaro. Idan da gudu yana kashe karatu, da a Iten za a fara ganin gawar.

Hajiya Binta:
Baban Khalifa, ka kawo sunaye masu nauyi, amma ni uwa ce, kuma lissafin uwa daban yake. Ka ambaci mutum biyar daga makarantar da ta yaye dubban yara cikin shekaru sama da sittin. Ɗana ba zai zama Peter Rono ba, kamar yadda mafi yawan 'ya'yan mutane ba za su zama ba. Abin da nake son sani shi ne halin da yaron da ba ya cikin 'yan wasan makaranta yake ciki, ko malaminsa na kimiyya yana shiga aji, ko akwai kayan aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Sunan gwarzaye biyar ba ya amsa mini wannan. Sannan kuma yankin da Iten take, yanki ne na 'yan ƙabilar Kalenjin, waɗanda suka yi fice a gudu ko da makarantar ko ba ita. Ashe ba za a ce wurin da aka gina ta ne ya taimake ta ba?

Baban Khalifa:
Hajiya, wuri ya taimaka ƙwarai, ba na musun wannan, sai dai akwai wasu makarantun a kan tudun nan da ba su fitar da kowa ba. Amma tambayarki ta tuna mini da wani abu da ke ƙarfafa gefenki. Mutane da yawa suna ɗauka David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya a mita 800 a London a 2012 da minti 1 da daƙiƙa 40.91, tsohon ɗalibin St. Patrick's ne. Ba haka ba ne. Brother Colm ne ya horar da shi, amma karatunsa a makarantar Kimuron ya yi, wadda ke kusa da wurin. Tun ƙarshen shekarun 1980 Brother Colm ke shirya sansanin horo a lokacin hutu, inda yara maza da mata daga wasu makarantu ke zuwa, kuma duk wanda ya yi nasara daga cikinsu, a bakin jama'a sunan St. Patrick's ke ɗaukar yabon. Saboda haka suna yakan haɗiye abin da ba nasa ba, kuma wanda zai auna makaranta da sunanta kaɗai, ya kamata ya fara tambayar ko waɗanda ake yabonta da su sun taɓa zama a ajinta.

Koci Ɗanladi:
Ranku ya daɗe, a nan ne maganar ta iso unguwarmu. Na yi aikin malamin wasanni, na kuma yi alƙalancin wasannin makarantu, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. A wata gasa ta shiyya, wata makarantar kwana mai suna ta shigo fili da 'yan wasa uku da kowa a garin ya san su. Ɗaya daga cikinsu yaron wani makanike ne a garejin da ke bakin tasha, hannunsa duk kanta da baƙin mai, an yi masa aski tas, an kankare gemun da reza a safiyar ranar. Sunansa yana cikin rijistar aji biyar, hotonsa yana kan katin makaranta da tambarin shugaba, don haka a takarda ba ni da hurumin hana shi wasa. Magoya bayan ɗaya makarantar suna ta yi masa ihu suna cewa, "Baba, ya iyali?" Shi ya ci ƙwallon da ta kai su wasan ƙarshe. Bayan an ɗaga kofi ba wanda ya sake ganinsa a makarantar, yaran kuma da suka shekara suna atisaye, a benci suka kalli wasan.

Irin waɗannan 'yan haya su ne ke ɓata lissafin Malam Sabi'u da na Baban Khalifa gaba ɗaya, domin kofin da sojan gona ya ciyo ba ya nuna cewa wasa ya cinye karatun ɗalibai, ba ya kuma nuna cewa makarantar tana da tsari. Abin da yake nunawa kawai shi ne shugaban makarantar ya yarda a sa hannu a kan ƙarya. Cutar kuma ba a makarantu ta tsaya ba. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin shekarun haihuwa. Tun gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don gano shekaru, kuma a 2016 'yan wasa 26 na Golden Eaglets suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, wadda ta fitar da mu daga gasar. Najeriyar da ta ci kofin duniya na wannan rukuni har sau biyar ke nan.

Malam Sabi'u:
Koci, Allah ya saka da alheri, amma ina ganin labarinka ya ƙara mini hujja ne. Shugaban da zai shigar da makanike cikin rijista don kofi, shi ne zai ɗauki kuɗin sayen littattafai ya sayi riguna da takalman ƙwallo. Kwaɗayin kofin ne tushen ɓarnar.

Dokta Hadiza:
Malam Sabi'u, ina neman afuwa, amma ka ɗora wa fili laifin da ake aikata irinsa a aji. Abin da Koci ya bayyana yana da tagwaye a ɓangaren karatu, kuma mu iyaye mun fi saurin faɗawa tarkonsa. Makarantu masu zaman kansu da yawa suna yin jarrabawar tacewa a ƙarshen aji biyar, duk yaron da suka ga zai iya ɓata musu sakamako sai a shawarci iyayensa su yi masa rijistar WAEC a wani wuri. Idan sakamako ya fito, sai a rataya ƙaton allo a bakin ƙofa cewa kowa ya sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Ban ma kawo maganar cibiyoyin da ake rubuta wa yara amsa a allo ba. Mai hayar ɗan wasa da mai korar raunanan ɗalibai sana'a ɗaya suke yi, kowannensu yana sayar wa iyaye abin da bai noma ba.

Ko inda babu maguɗi, zaɓe yana da nasa rabon. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawan gaske, ba mai ja da wannan. Amma da jarrabawa ake shiga su, ana tsamo haziƙai daga sauran makarantu, don haka wani kaso na nasarar tun daga bakin ƙofa aka same shi. Haka ita ma makarantar da ke bin unguwa-unguwa tana ɗauko yaran da suka riga suka iya ƙwallo. A ganina tambayoyi biyu ne ke tona asirin makaranta. Ta farko, yara nawa suka shiga aji ɗaya, kuma nawa daga cikinsu suka zauna jarrabawar ƙarshe da sunan makarantar? Ta biyu, wadda ta fi dacewa da muhawararmu, ina sakamakon 'yan wasan da suka ɗauko kofin shekara biyu ko uku da suka wuce? Idan shugaba ya buɗe fayil ya nuna maka, to ya san yaransa. Idan ya fara kame-kame yana nuna maka kofuna a kan kabad, kallon kitse kake yi wa rogo.

Alhaji Mamman:
'Ya'yana, ina bin maganganunku, kuma Dokta ta kusa da inda nake. Sai dai duk kuna magana ne a kan 'yan wasa goma sha ɗaya, alhali a tsohon tsarin makarantun kwana wasa na kowa ne. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta zama Barewa ta yau, a kan wannan tsari aka gina ta. Sardauna ya yi fice a wasan fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da hannu a jikin bango, tun yana ɗalibi a can, bai kuma bar shi ba har yana Firimiya, shi ya sa har yanzu ake buga wasan a Katsina da wasu garuruwan Arewa. Ba wanda ya taɓa cewa fives ya hana shi ko Tafawa Ɓalewa karatu.

A kwalejin gwamnati da na yi, bayan an tashi daga aji a ci abincin rana, a ɗan kwanta, a yi la'asar, sai a busa usur. Ba wanda ya isa ya zauna a ɗakin kwana, shugaban gida yana bi gado-gado, mai ƙiba da siriri kowa sai ya fita, ko ƙwallo, ko hoki, ko zagaye fili. Ƙarfe shida an tashi, a yi wanka, a yi magariba, a ci gabza, sannan a shiga karatun dare, kuma kyaftin ɗin ƙwallo ma idan ya makara sai ya yi noma ranar Asabar. Gasar da ta fi tayar mana da hankali ta tsakanin gidaje ce, wadda kusan kowane yaro yana da abin da zai yi wa gidansa. Wasan awa ɗaya da rabi ba ya sa barci a aji, Malam Sabi'u, yana ma kawar da shi. Abin da ke sa barci shi ne a ware yara ashirin a ce musu su ba ɗalibai ba ne kamar kowa.

Wani abin kuma, suna yana daɗewa bayan abin da ya kawo shi ya tafi. Kwalejin Christ the King ta Onitsha ta ci gasar ƙwallon ƙafa ta makarantun duniya a Dublin a 1977, kuma ta yaye manyan alƙalai da gwamnoni, amma uban da zai kai ɗansa kowace irin makaranta yau, malaman yau ne za su koyar da shi. Na san makarantun da har gobe ake kiransu gidan ƙwallo, alhali filin ya zama makiyayar awaki, ɗakin gwaje-gwajen kuma ko famfo ba ya kawo ruwa. Filin da ɗakin tare suka mutu, a hannun shugabanni ɗaya.

Abdul-Razak, Kumasi:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. A nan Kumasi, Prempeh da Opoku Ware manyan makarantun kwana ne da hamayyarsu a gasar guje-guje ke cika filin wasa na Baba Yara, kuma dukansu biyu sun taɓa lashe gasar kacici-kacicin kimiyya da lissafi ta ƙasa, wadda duk Ghana ke kallo a talabijin. Wannan ya yi daidai da maganarka.

Akwai kuma wani sabon salo. Makarantar Right to Dream, wadda wani Baturen Ingila, Tom Vernon, ya kafa a 1999, ta kwana ce, kyauta ce, kuma ƙwallo ce ƙofar shigarta. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Accra, a can ya taso kafin ya tafi Nordsjaelland ta Denmark, daga nan Ajax, daga nan Ingila. Abin da ya sa iyaye a zango suke amincewa da ita shi ne ta buɗe hanya biyu, wanda ƙafarsa ta kai ya shiga kulob, wanda kuma littafinsa ya fi ƙarfi a nema masa tallafin karatu a makarantun Amurka ko Ingila. Amma gargaɗin Dokta yana nan, domin daga dubban yara ake tsamo 'yan kaɗan. Kuma saboda sunan da ta yi, ƙananan wurare da yawa sun ɓullo suna kiran kansu akademi, suna karɓar kuɗin iyaye, alhali ba aji ba allo.

Injiniya Bashir:
Abin da ɗan'uwa Abdul-Razak ya faɗa a ƙarshe ya faru a Amurka, a idon duniya. A can akwai makarantun kwana da aka gina musamman don wasa, mafi shahara ita ce IMG Academy a Florida, wadda ta faro a 1978 a matsayin makarantar wasan tanis. A 2021 tashar ESPN ta nuna wasan ƙwallon Amurka kai tsaye tsakanin IMG da wata mai suna Bishop Sycamore, IMG ta lallasa ta da ci 58 ba ko ɗaya. Wannan ya sa aka fara bincike, sai hukumomin Jihar Ohio suka gano ba makaranta ba ce ta gaskiya, ba a koyar da komai a cikinta, suna ne kawai da riguna.

Sai dai suna da wani takunkumi da mu ba mu da shi. Duk ɗan sakandaren da ke son buga wa babbar jami'a wasa, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i tana buƙatar ya kammala darussa 16 da ta ƙayyade, da matsakaicin maki aƙalla 2.3 cikin 4. Saboda haka koci da kansa yake bin yaro ya shiga aji, domin idan makin ya faɗi, shi ne ya yi asarar ɗan wasa. Ba na cewa ba a yin coge, ana yi, amma dokar ta ɗaure buƙatar koci da ta malamin aji wuri ɗaya. A gasannin makarantunmu, katin shaida da hoto kawai ake nema.

Malam Sabi'u:
Na yarda da Baba Alhaji cewa wasan kowa da kowa na awa ɗaya da rabi ba shi nake yaƙa ba. Amma Injiniya, ban ga yadda dokar maki za ta yi aiki a wurinmu ba. Malamin aji ma'aikaci ne a ƙarƙashin shugaban makaranta, shugaban kuma yana son hotonsa da kwamishina yana miƙa kofi. Idan aka ce sai mai maki 50 zai buga, gobe kowane ɗan wasa zai wayi gari da 55, mu kuma malamai mu ƙara samun wata ƙaryar da za a tilasta mana sa wa hannu.

Hajiya Binta:
Wannan tsoron nawa ne ni ma, Malam. Ga kuma makarantun 'yan mata, waɗanda da yawansu ko filin ba su da shi, sai ranar gasar gidaje sau ɗaya a shekara, amma hakan bai sa sakamakonsu ya zarce na kowa ba. Rashin kofi ma ba shaidar karatu ba ne.

Koci Ɗanladi:
Malam Sabi'u, idan makarantar ce za ta binciki kanta, maganarka gaskiya ce, ba abin da zai canza. Amma akwai wanda ba ya bari a cuce shi, shi ne abokin karawa. A sa a cikin dokar gasa cewa mako biyu kafin wasa kowace makaranta ta miƙa sunayen 'yan wasanta, ɗaya makarantar kuma ta turo malamai biyu su duba rijistar kiran suna ta zangon da ya wuce, da littattafan rubutun yaran, da takardun jarrabawar da suka rubuta da hannunsu. Za a iya ƙirƙiro katin shaida a dare ɗaya, amma littafin lissafi na wata uku, da jan biron malami a kowane shafi, ba a ƙirƙiro shi cikin sauƙi. Idan an yi shakka, a zaunar da yaron a ba shi takarda ya rubuta sakin layi ɗaya, a gwada da rubutun da ke cikin littafin. Makarantar da aka kama kuma a ƙwace makin wasan, a hana ta shiga gasa shekara biyu, sannan a aika sunan shugabanta ma'aikatar ilimi, ba sunan malamin wasanni kaɗai ba, domin tambarin da ke kan katin daga ofishin shugaba ya fito.